Wa Ya Shuka Dajin Rugu?

Ga wani kacici-kacici, mai karatu, kuma ba na yara ba ne. Ƙasar Katsina ba ta san hutu ba. Daga bakin ganuwar birni har Kurfi, daga Kurfi har Dutsin-ma, gona ce ke bin gona, ƙauye na hango ƙauye, kowane gawo da mai jiran 'ya'yansa su zubo. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Batsari mutum sama da 200,000, ta ba Safana sama da 180,000, kuma mafi yawansu da fartanya ko sandar kiwo suke ci. Amma wuce Batsari ka yi yamma, ko ka wuce Runka a ƙasar Safana, ka ga abin mamaki. Kunyoyi su fara yin nesa da juna, daga nan su tsaya cik. Daji ya karɓa. Ya taso daga wajen Jibiya, ya bi bayan Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya tsallaka ya shige Zamfara. A ƙasar da wa da ƙane ke gurfana gaban alƙali a kan kunya biyu, wa ya bar wannan makeken fili ba noma? Wa ya shuka Dajin Rugu?

Mutum huɗu nake tuhuma. Zan kira su ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka zauna a kujerar muhuti, ka buɗe kunne. Roƙona guda: kada ka yi saurin yanke hukunci, domin a wannan shari'a wanda ya fi kama da mai laifi ba shi ne ya aikata ba.

Na farko shi ne ruwan sama. Duk wanda ka tara da tambayar nan a gindin bishiya, da shi zai fara. Zai ce ai can yamma damina ta fi albarka, shi ya sa itatuwa suka yi kauri. Maganar tana da daɗin ji, amma a ɗauko taswira. A ƙasar Hausa ruwa yana ƙaruwa ne in ka nufi kudu, yana raguwa in ka nufi arewa. Shi ya sa Funtuwa ta fi Katsina ruwa, Katsina ta fi Maraɗi. Da damina ce ta yi aikin, da dajin ya kwanta daga gabas zuwa yamma, yana bin sawun hadari. To, ga shi a miƙe daga arewa zuwa kudu, ya ratsa inda ruwa ke da yawa da inda yake da ƙaranci, bai kula ba. Hadarin da ya zuba a Kurfi, in ya yi gaba, a Batsari zai sauke saura, ya ƙarasa a Rugu. Ruwa ɗaya, a nan gero, a can kurmi. A sallami damina. A shigo da na biyu.

Na biyu ita ce ƙasar kanta. Mai ƙara ya ce wurin duwatsu ne da marmara da faƙo, garma ba ta shiga, manomi ya gwada ya gaji ya bari. Gaskiya ne akwai duwatsu, akwai kuma wuraren da ko ciyawa da ƙyar take kamawa. Sai dai tun yaushe dutse ya fara korar Bahaushe? Kano a gindin Dala ta tashi. Zazzau ta yi zamanta a Turunku da Kufena. Kwatarkwashi da ke can Zamfara dutsenta ne gatanta, ita ma Dutsin-ma sunanta ya faɗi inda ta jingina. Dutse mafaka ne ranar hari, ƙarƙashinsa kuma ruwa kan taru. Ban da haka, ruwan Karaduwa da aka tare a madatsar Zobe, in ya gangaro, ta wannan yanki yake bi a Gulbin Bunsuru, ya nufi Zurmi, yana barin fadamu a bayansa. Waɗanda suka yi saran sabuwar gona a bakin dajin sun san irin damman gero da dawa da suka ɗaure, da irin rogon da suka tuge. Ƙasar da ke ciyar da wanda ya taɓa ta ba ita ta hana a taɓa ta ba. Ita ma ta tafi gida. Saura biyu.

Na uku ba a kiran sunansa da ƙarfi. Mafarauta in sun zauna hira sukan ce Rugu tana da masu ita, akwai kukar da ba a yada zango a gindinta, akwai tafkin da ba a sha sai an yi sallama. Wasu kuma su bar zancen iskoki su kama na namun dawa da ƙudan tsando mai kashe shanu. A duba da kyau, sai a ga an ɗora doki a bayan kaya. Tsando inuwa yake nema, sai duhuwa ta kafu yake samun wurin zama. Kura da zaki ba su taɓa tayar da gari ba, gari ne ke tayar da su, gatari da wuta da haushin karnuka su kora su gaba. Labaran iskoki ma a kufai suka fi yawa, inda ƙafar mutane ta ɗauke. Duk waɗannan baƙi ne da suka tarar da gida ba kowa suka shiga. Tambayar tana nan daram: ina masu gidan?

Yanzu ga na huɗu, wanda shaidu suka fi yi wa yawa: Bature. Ai kowa ya san shi ya zo da gandun daji. Shi ya sa En'e ta shata iyaka, ta kafa alamu, ta ɗauki malaman daji masu kama wanda ya sari ice ko ya cinna wuta. Bayan tafiyarsa gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar makiyaya a 1965, kuma gandun kiwo na Ruma da Kukar Jangarai, a nan yammacin Katsina, yana cikin na farko-farko da aka keɓe. Ga doka a rubuce, ga hukuma, ga mai tsaro. In an hana mutane noma a wuri shekara da shekaru, me zai fito in ba daji ba? Na ga ka gyara zama, mai karatu, ka ce shari'a ta ƙare. Dakata. Akwai wani shaida a bakin ƙofa, ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso.

Bajamushe ne, sunansa Heinrich Barth, amma a ƙasashenmu da Abdulkarim aka san shi. A watan Maris na 1853 ya bar birnin Katsina zai tafi Sakkwato, cikin ayarin Galadiman Sakkwato. Hanya miƙaƙƙiya yamma take. Ba su bi ta ba. Sai suka karkata kudu, suka bi ta Kuraye, suka bi ta Kurfi, suka sauka a Zakka, wadda yau ke cikin ƙaramar hukumar Safana. Me ya sa? Labari ya zo cewa rundunar Gobir ta fito. Daga Zakka kuma babu sauran dabara, dole a keta daji kafin a kai garuruwan Zamfara. Suka shiga da fargaba. Suka yi doguwar tafiya ba hutun kirki, har dare, sai da suka ɓulla wajen Zurmi. Lissafa da kanka. Sojojin Gwamna Lugga sun iso Katsina a 1903. Abdulkarim ya keta dajin a 1853. Shekara hamsin cif tsakani. Bature bai shuka shi ba. Tarar da shi ya yi, ya kewaye shi da doka.

Duka huɗun sun kuɓuta. Zauren shari'a ya yi tsit. To, mu bar zaure. Mu shiga dajin da kanmu.

Alama ta farko a sama take. Ɗaga kai ka dubi kukoki. Kuka ɗaya tilo a dawa ba labari ba ce. Amma in ka ga kukoki sun yi cincirindo a wuri guda, manya-manya, ga tsamiya a kusa, to tsaya. Kuka abokiyar zaman mutum ce. Shi ke cin miyarta, shi ke shan garin 'ya'yanta, shi ke zubar da ƙwallayen a juji bayan gida, shi ke hana a sare ta. Tana kuma daɗewa ƙwarai, ta binne wanda ya rene ta, ta binne jikokinsa. Taron kukoki a tsakiyar daji sa hannun mutane ne. Waɗanne mutane?

Alama ta biyu a ƙasa take. Tambayi makiyayi ko maharbin da ya san cikin Rugu, zai ba ka labarin kufai. Wani tudu mai tsawo da ya kewaya, wanda ruwa bai isa ya gina shi haka ba. Tsingaro a warwatse. Dutsen niƙa da ya lotsa a tsakiya saboda hannuwan mata. Ramin da ya cike, amma bakinsa na nuna rijiya ce. Wanda ya gina ganuwa ba kwana biyu ya zo yi ba. Wanda ya haƙa rijiya yana da niyyar jikansa ya sha. Me ya tashe su?

Alama ta uku ba a daji take ba, tana kan rawani. Hakimin Safana Yariman Katsina ne. Hakimin Batsari fa? Ba a ce masa Sarkin Batsari. Sarkin Ruma ake ce masa, ko da yake a Batsari fadarsa take, Ruma kuwa yau gari ne a cikin ƙaramar hukumar. Sarauta ba ta mantuwa. Tana gaya mana cewa kafin Batsari ta zama mazaunin hakimi da sakatariya da babbar kasuwa, duk wannan yanki ƙasar Ruma ce, ƙasa mai suna da nauyi. Kukoki sun ce an zauna. Kufai sun ce an tashi. Rawani ya faɗi sunan ƙasar. Saura shekara. Saura hannu.

Mu koma baya a gurguje. Jihadi ya tashi a 1804. Wajen 1807 birnin Katsina ya faɗa hannun masu tuta, Ummarun Dallaje ya zama sarki. Gidan tsohuwar sarauta bai miƙa wuya ba, ya yi arewa, daga baya Ɗankasawa ya kafa gadonsa a Maraɗi yana amsa sunan Sarkin Katsina. Katsina ta zama biyu, kowacce na cewa ita ce ta gaskiya. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya haɗin gwiwar Gobir da Maraɗi a Gawakuke, Sarkin Maraɗi Rauda ya faɗi a fagen. Ɗanmari ya gaje shi, da ramuwa a zuciya. A birnin Katsina kuwa Siddiku ɗan Ummarun Dallaje ne a kan gado, mutum mai zafin hannu. Tsakanin mutanen nan biyu akwai wata ƙasa cike da garuruwa da gonaki, wadda da yawa daga mutanenta ba su manta tsofaffin sarakunansu ba. Ƙasar Ruma.

Wajen 1843 Ɗanmari ya shigo. Garuruwa suka amsa kiransa. Tawaye ya kama. Siddiku ya hau, da gudummawa daga sauran ƙasashen daula. Aka gwabza. Tawaye ya karye.

Da a nan aka tsaya, da yau babu kacici-kacici. Ba a tsaya ba.

Siddiku ya juya kan garuruwan da suka bi Ɗanmari. Hukuncin bai tsaya kan shugabannin tawaye ba, ya hau kan kowa. Aka rushe garuruwa. Aka kashe na kashewa. Aka kama na kamawa. Mai sauran ƙafa ya gudu, wasu Maraɗi, wasu cikin manyan garuruwa masu ganuwa. Ƙasar da ke ciyar da dubban mutane ta wayi gari ba hayaƙin tuwo. Tsananin Siddiku ya kai har koke-koke suka isa Sakkwato, kuma a 1844 Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya tuɓe shi, aka naɗa ɗan'uwan Siddiku, shi ma Muhammadu Bello sunansa. An canja sarki. Mutanen da suka watse ba su dawo ba.

Ga mai shukar, ya bayyana. Yaƙi ne, da hukuncin da aka yi wa jama'a a dunƙule. Bai riƙe iri ba, bai haƙa rami ba. Manomi kawai ya cire daga gona, ƙasa ta ƙarasa sauran aikin.

Yadda take ƙarasawa abin a tsaya a duba ne, domin kowane manomi ya san somin-taɓinsa. Gonar Bahaushe ba ta taɓa rabuwa da daji ba, danne shi kawai ake yi. Sabara da kalgo da geza da ake sassabewa kowace bazara, saiwoyinsu na nan da rai a ƙarƙashin kunya, suna jiran shekarar da gatari zai makara. Damina ta farko ba noma, tafasa da ƙarangiya su rufe fili. Ta biyu, ta uku, sabara ta kai ƙugu, ta wuce kai. Babu awakin gari da za su cinye toho, babu mata masu neman itacen girki. Tsuntsaye da iska su kawo iri, marke da taramniya da ƙirya su sami inuwar da za su tsira a ciki. Ruwa ya narkar da katanga, soro ya rufta, gara ta cinye azara, ganuwa ta zauna ta zama tudu. Kafin yaron da aka goya aka gudu da shi ya yi furfura, garin ubansa ya zama wurin da ba ya shiguwa sai da adda. Manoman Maraɗi sun nuna wa duniya ƙarfin wannan saiwa tun daga shekarun 1980, da suka daina tumɓuke kututture suka riƙa renon toho, har miliyoyin kadada a kudancin Nijar suka sake yin itatuwa. Su da gangan suka yi, don amfanin gona. A ƙasar Ruma ba wanda ya zaɓa. Shekara goma kacal bayan tawayen, Abdulkarim ya zo wucewa, ya tarar da abin da ya tarar.

Amma mai laifin yana da abokin aiki, in ba haka ba da mutane sun koma bayan ƙura ta lafa. Abokin aikin shi ne tsoro, kuma ya yi kusan shekara sittin yana gadi. Dajin ya yi wa kowane ɓangare rana. Ga Katsina, garkuwa ne tsakaninta da abokan gaba. Ga mahayan Maraɗi da na Gobir da ke Tsibiri, rufin asiri ne, su bi ta cikinsa ba a gan su ba, su faɗa wa gari da asuba, su koma da shanu da bayi. Zamanin Ɗanbaskore na Maraɗi haka aka sha, zamanin Ƙaura Hasau a ƙarshen ƙarnin haka aka sha. Ruma ta tsaya a matsayin garin tsaro a bakin iyaka, garin mayaƙa, inda har yau ake ambaton jarumtar Ɗanwaire. Wa zai kai iyalinsa ya yi bukka a hanyar dawaki? Haka dajin Gundumi ya raba Sakkwato da garuruwan gabas a wancan zamani, ayari na keta shi da gudu. Ba mu kaɗai muka ga irin wannan ba. A Ingila, Sarki Wiliyam ya murƙushe tawayen arewacin ƙasar a 1069 zuwa 1070 ta hanyar ƙone garuruwa da amfanin gona, kuma da aka yi ƙidayar dukiyar ƙasa a 1086, wurare da dama a can an rubuta su a matsayin kango.

Bayan 1903 hare-hare suka tsaya, aka shata iyaka tsakanin Ingila da Faransa, Maraɗi ta faɗa can, Katsina ta faɗa nan. Zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau a 1906, aka tsara gundumomi, hakimai suka fita daga birni suka zauna cikin talakawansu. Mutane suka fara komawa yamma, suna sara, suna kafa unguwanni, gefen dajin na ja da baya. Da an bar su, da wataƙila sun cinye shi ƙurmus. A nan ne Baturen da muka sallama ɗazu ya sa hannunsa: dokar gandu ta tsayar da gatari a inda ta same shi. Abin da ya rage shi ne Rugu da muka sani, makiyaya ga Fulani, wurin farauta da itace da zuma da magani ga na bakin daji.

Sai tsarin mulki ya zo ya bi sawun tsohon tabo, ya mayar da shi iyaka. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976, ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ƙirƙiro Zamfara a 1996, duk sun bar layin yana ratsa dajin. Batsari da Safana da Ɗanmusa, waɗanda ke tura wakili ɗaya Majalisar Wakilai ta Tarayya, fuskarsu na kallon Katsina. Zurmi da maƙwabtanta na kallon Gusau. Kowa ya ba daji baya. Kwalta ta tsaya a bakinsa, makaranta da asibiti da kotu ma haka. Madatsun ruwa da aka yi wa makiyaya suka cike da yashi, gonaki suka ci burtali, ƙorafin makiyayi da na manomi suka rasa mai saurare. Wurin da hukuma ba ta kwana, wani zai kwana.

Mun san wanda ya kwana. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar cikin ƙasar Batsari. A Disambar 2020 aka kwashe ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shige daji da su, aka sako 344 bayan kwanaki. Ƙauyuka sun watse, mata da yara sun kwana a azuzuwan firamare a garin Batsari, gonakin da kakanni suka sara da gumi sun yi shekaru ba a shuka su ba. Sabara kuwa ba ta san siyasa ba. Duk gonar da aka ƙaurace wa, toho take yi, kuma kowace sabuwar duhuwa ƙarin maɓoya ce ga mai bindiga.

Shi ya sa wannan tarihi ya dame ni. Ya nuna cewa hukuncin da aka yi wa jama'a a dunƙule, ko ƙauyen manoma aka ƙone ko rugar makiyaya, kufai yake haifarwa, kufai ya haifi daji, daji ya reni maharan gobe. An gwada wannan magani a ƙasar Ruma wajen 1843, aka biya kuɗinsa shekara sittin. Mai laifi a kama shi da sunansa, a kai shi gaban alƙali, a bar maƙwabcinsa ya yi noma, a bar ɗan'uwansa ya yi kiwo. A Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa isa hannunsu kai tsaye. In sun iso Batsari da Safana, ma'aunin aikinsu ba fentin sakatariya ba ne. A je ƙauye na ƙarshe kafin daji a duba. Dagaci yana kwana a gidansa? Malamin firamare yana zuwa? Rijiyar burtsatse tana ba da ruwa ga mai tulu da mai garke? Burtali a buɗe yake? Shugaban ƙaramar hukuma da kansila da hakimi da ardo, kowannensu ya san sunan wannan ƙauye. Su fara daga can, su tabbatar mutanensa sun yi shuka bana, sun kuma girbe da hannunsu.